Daɓen da muka yi wa ƙafar Yaya

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Kaura Namoda babu mai riƙe sandar walda kamata, wani falan ƙarfe da bai kai tabarmar sallah girma ba ya zaunar da ni ya koya mini hankali. Ni mai waldar ƙofofi da tagogi ne, shagona yana kan hanyar kasuwar hatsi. In kun taɓa ganin wata ƙofar gida mai dawisu biyu suna kallon juna a cikin garin nan, to aikina ne, kuma na san dawisun sun fi kama da zabi, ba sai kun faɗa mini ba.

Yayana direban haya ne. Ba don yana ɗan'uwana ba, a wancan lokaci in aka ce direba a tasharmu shi ake nufi. Kaura zuwa Shinkafi, Kaura zuwa Zurmi, ya san kowane rami kamar shi ya haƙa shi. Tsofaffin mata sukan ƙi shiga motar da ke kan layi, su shimfiɗa zane su zauna, su ce tasa suke jira. Da wata damina tayar gaba ta fashe masa bayan Dauran, mota cike da mutane. Allah ya taimake shi ya riƙe sitiyari har ya kwantar da ita a gefen gona. Fasinja duk suka fito da ƙafarsu, amma tasa ta hagu ta maƙale a ƙarƙashin ƙarfe. Aka yi asibiti, aka yi ɗori, aka yi addu'a. Ƙafa ta warke, sai dai gwiwar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, kuma ƙafar ta ɗan gajarce. Duk wanda ya san mota ya san da hagu ake taka kuloci, motocin hayar hanyarmu kuwa duk masu giyar hannu ne.

Da ya fara takawa ya koma tasha. Manyan tasha suka karɓe shi da mutunci, aka ba shi benci a inuwa, aka ce ya huta tukuna. Hutun ya ƙi ƙarewa. Wata rana ya gaji, ya karɓi makullin wata bas ya ce bari ya ɗan juya ta a cikin tasha. Ƙafar ta ƙi zama inda ya ajiye ta, kuloci ya kuɓuce, mota ta yi tsalle ta tunkuɗe teburin mai shayi. Ba wanda ya ji ciwo. An ce wasu sun fara dariya, da suka ga wanda ke ciki sai kowa ya yi tsit ya kau da kai. Yaya ya fito, ya miƙa makulli, ya kama hanyar gida. Daga ranar bai sake taka tasha ba.

A gida kuwa sai muka yi abin da muka ɗauka shi ne tarbiyya: muka daina ganin ƙafar. In zai tashi daga tabarma, kowa ya sami abin kallo a bango. In ana hira aka zo kan mota, sai wani ya yi wuf ya jawo maganar taki. Mahaifiyata kuwa, dama shi ne ɗan farinta, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna ta tambaye shi jiki ido da ido. Ni kuma ƙane ne, akwai mutum uku tsakaninmu, tun ina yaro ban saba haɗa ido da shi ba. Muna ji muna gani mutumin da ke cika tsakar gida da dariya ya koma mai zaman zaure, yana jan carbi yana kallon masu wucewa. Abin yana cin raina sosai, amma ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Ana cikin haka abokina, wani makanike da muka yi makarantar allo tare, ya shigo da wata rigima. A shekarun nan samarin garin sun tsiri tseren mota bayan kaka, in an cire gero da dawa. Akwai wani fili a bakin gulbi da ake zagayewa da tsofaffin tayoyi, a ja igiya 'yan kallo su tsaya a baya. Motocin tseren ba sababbi ba ne. Ƙaramar motar da ta gama yayinta ake samu a tuɓe ta, a cire kujeru da gilasai da duk wani nauyi, a bar ƙashinta da inji, sannan a kewaye direba da bututun ƙarfe saboda ko ta kife. Abokina ya samo tasa wurin wani ɗan kasuwa da ya shekara da shekaru yana ɗaukar gishiri da kanwa a cikinta. Injin lafiya lau, amma kanwa ta cinye ƙasan motar, wanda mu muke ce wa daɓe. In ka zauna a mazaunin direba, kana iya ƙirga tururuwa ta tsakanin ƙafafunka. Ya ce in zo in yanke ruɓaɓɓen in sa masa sabo.

Shi ya yi niyyar tuƙawa, abin da ya ba duk garejin dariya. Abokina in ya saurari inji zai faɗa maka abin da ke damunsa tun bai buɗe ba, amma in ya riƙe sitiyari har awakin unguwa sun san su nemi katanga.

Garejin yana kusa da gidanmu. Da aka fara tayar da injin ana gwadawa, sai ga Yaya ya dogaro a hankali ya zauna kan wata tsohuwar taya. Washegari ya dawo. Kwana kaɗan ya fara sa baki, ya ce wannan ƙarar ta yi sama, a rage mata mai. Wata la'asar abokina yana taka totur, sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce in dubi Yaya. Na saci kallo. Idonsa a lumshe, hannunsa na dama yana motsi a kan cinyarsa, yana canza giyar da babu ita.

Bayan ya tafi abokina ya jawo ni gefe ya ce, “Motag ga ba ta da daɓe, mu za mu yi mata. To mi zai hana mu yi shi daidai ƙahwatai?”

Ya yi mini bayani. In aka saukar da daɓen ƙasa kaɗan ta ɓangaren hagu, ƙafar za ta miƙe sosai ba sai gwiwa ta lanƙwasa ba. In kuma aka yi wa diddige ɗan gurbi inda zai zauna daram, to da idon sawu kaɗai mutum zai iya taka kuloci ya saki. Shi zai lanƙwasa ƙarfen kulocin ya matso da shi, ni kuma daɓe da gurbi. Na bugi ƙirji na ce ya bar mini, wannan ai ƙaramin aiki ne.

Sai da na koma shago na tuna cewa aikin yana buƙatar awo, kuma abin da za a auna yana jikin yayana. In je in ce masa, Yaya miƙo ƙafar nan in ɗora mata tef? Ƙafar da muka kwashe tsawon lokaci muna yi kamar ba mu san da ita ba? Na gwada faɗin maganar ni kaɗai a shago, bakina ya ƙi. Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mutum ke yi ya riƙa jinjina wa kansa. Na tafi wurin telan da ke yi wa Yaya ɗinki, na ce ina so in yi masa kyautar kaya ba tare da ya sani ba, ya ba ni tsawon wandonsa daga ƙugu zuwa idon sawu. Tela ya ba ni. Na fito ina murmushi, ina cewa a raina ai basira baiwa ce.

Ban tsaya nan ba. Na sami wani katako na ɗaure a ƙafata ta hagu da tsumma don kada gwiwar ta lanƙwasa, na shiga cikin ƙashin motar ina gwada zama. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yi mini sannu, wata tsohuwa har da ba ni sunan mai ɗori a Birnin Tsaba. Na yanka kwali na fitar da siffa, na ɗora a kan falan ƙarfe na zana da alli, na yanke. Na bubbuga gurbin diddige daidai inda awon tela ya nuna. Sannan na bi gefen daɓen da walda kaf, layi mai kyau kamar ɗinkin keke, na goge, har fenti na shafa masa. Abokina ya ce da na ɗan ɗiga waldar tukuna a gwada kafin a rufe. Na ce masa shi ya ji da injinsa.

Muka ce wa Yaya ya zo ya gwada mana kujera, wai muna so mu ji ko ta zauna daidai. Ya dube mu, ya dubi motar. Na tabbata ya gane, don ya ga gurbin. Ya cire takalmansa kamar yadda direbobinmu ke yi in za su yi tuƙi, ya dafa bututu ya zura jiki a hankali, ya miƙe ƙafar. Diddigensa bai kai gurbin ba. Saura kamar faɗin yatsa uku. Ya ƙara miƙewa, ya zamo daga kujera, yatsun suka taɓo kuloci da ƙyar suka zame. Ya sake gwadawa, suka sake zamewa. Ya zauna hannunsa a kan sitiyari, mu kuma muna tsaye kamar an dasa mu. Can ya fito, ya sa takalmi, ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya ba da sa'a. Ya tafi gida bai waiwayo ba.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Mun ɗauko mutum daga zaurensa, mun sa masa rai, sannan mun sake nuna masa a gaban mutane cewa ƙafarsa ba ta kai ba. Na wuce wurin tela kaina ya ɗau zafi, na ce awon da ya ba ni ba daidai ba ne. Tela ya ajiye almakashi ya ce, “Haba, ni in rage ma babban mutum ƙahwa guda ga wando? Daidai nika ɗunka su. Matatai ka kalmashe guda daga ciki.” Ashe shi ma irin tarbiyyarmu gare shi. Na auna kunyar tela ne na zuba ta a ƙarfe.

Yaya ya daina zuwa gareji. Ranar tsere tana matsowa, abokina ya fara cewa ko dai ya tuƙa abarsa, awaki su yi ta kansu. Ni kuwa ko ƙofar gidanmu ba na son bi. Wata safiya na shiga gaida mahaifiyata, na tarar tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, “Mi kunka yi ma yayanka?” Ta ce kwanakin baya ya fara cin tuwo da yawa har yana tsokanar yara, yanzu kuma kwano yana dawowa yadda aka kai shi. Na zauna na kwashe labari na faɗa mata, har da katako da tela. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Sai ta ajiye rariya ta dube ni.

“Ni ɗan hwarina na, ko sunanai ban iya kamawa. Kai fa, wa yad ɗaure ma baki?”

Na tashi na koma shago, na ɗauki tef na sa a aljihu.

Na tarar da shi a zaure da hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na yi maganar zafi, na yi maganar yadda dawa ta yi kyau bana, har na fara maganar wani maƙwabcinmu da ya sayi raƙumi. Gumi yana bin bayana. Da na ga hira ta ƙare mini, sai kawai na zaro tef ɗin na ajiye a kan tabarma tsakaninmu, na sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaye ni wurin wa na samo awon farko. Na ce tela. Ya ce wane tela? Na faɗa masa. Sai na ji wani sauti da na manta da shi. Yaya dariya yake yi, irin ta da, har yana dukan tabarma, har hawaye. Da na ƙara masa da labarin katako da tsohuwar Birnin Tsaba sai da ya kwanta. Da ya lafa ya share ido ya ce, “Kai da kaka auna ƙohwar gidajen mutane har da ta makewayi, sai ƙahwar ɗan'uwanka tag gagare ka?”

Ya naɗe wandon har sama da gwiwa. Ranar na fara ganin ƙafar. Ta rame, tabon ɗinki ya bi ta tun daga cinya, gwiwar ta yi wani ƙulli kamar tushen rake. Na miƙa hannu na ɗora tef sama-sama. Ya kama hannun ya danna shi a kan gwiwar, ya ce in taɓa da kyau, ba ta cizo. Ya nuna mini inda take tsayawa, da inda ke yi masa zafi in ya matsa, da yadda idon sawun ke juyawa lafiya lau. A cikin ɗan zaman nan na san abin da na kasa sani tun ranar hatsarin.

Da la'asar shi ya riga ni zuwa gareji. Na ɗauki abin yankan ƙarfe na bi waldata mai kyau, wadda na yi alfahari da ita, na yanke ta kaf. Abokina yana tsaye yana tambayata ko ya kawo fenti, ban kula shi ba. Wannan karon ba mu yi gaggawa ba. Yaya ya zauna a kujerar, ƙafa ba takalmi, babu komai a ƙarƙashinsa sai ƙasa. Na kwanta a ƙarƙashin mota da kwali ina ɗagawa ina saukewa, shi yana cewa ƙara gaba, ɗan sauko, tsaya nan. Inda diddigensa ya zauna na zagaye da alli. Na walda ƙarafan kusurwa a jikin ƙashin motar don su riƙe sabon daɓen a inda muka saukar da shi, na ƙara wani a tsakiya saboda kada ya lotsa.

Gurbin diddigen ya so ya ba ni wahala, don na farkon da na yi a kan dutse bai yi zurfi ba. Sai na tuna da wani tsohon turmi da ya tsage, yana jingine a bayan ɗakin mahaifiyata. Na aika a tambaye ta. Turmin ya iso tare da saƙon cewa in an gama a mayar mata da abinta, tana ɗora kaji a kai. Na ɗora falan a bakin turmin na yi ta bi da guduma mai zagayen kai, a hankali, ƙarfe yana nutsawa. In na buga kaɗan sai in ɗauka in kai wa Yaya ya sa diddige, ya ce saura, in dawo. Har muka kai inda ya sa ƙafa ta zauna, ya gyaɗa kai. Na kuma bubbuga wasu 'yan tudu a tsawon falan don ya yi ƙarfi ya daina kaɗawa kamar faranti. Da yake salansa, wato bututun hayaƙin motar, ta ƙarƙashin nan ta bi, shi kuma ba ya tuƙi da takalmi, sai na sa wani siririn fale a tsakani da ɗan sarari don kada zafi ya gasa masa tafin ƙafa.

Da aka zo walda, ɗigo-ɗigo na fara, nan ɗaya, can ɗaya a ɗaya gefen, ina bi da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Kafin in rufe na ce Yaya ya shiga. Ya shiga, diddige ya faɗa gurbi kamar dama can a nan aka haife shi. Ya taka kuloci har ƙasa, ya saki a hankali, ya sake takawa. Ya ce abokina ya tayar. Ya sa giya. Motar ta ɗaga ba tare da ta ko girgiza ba, ta fita daga gareji, ta bi layinmu ta sha kwana. Ni da abokina muka tsaya muna sauraron injin yana nisa, muna jin canjin giya ɗaya bayan ɗaya, sumul. Na juya na ga abokina yana goge ido da tsumman baƙin mai, fuskarsa duk ta yi dabbare-dabbare.

Ranar tsere filin ya cika. Labari ya riga ya zaga gari, 'yan tasha sun zo kusan dukansu, har da shugabansu da mai shayin da aka tunkuɗe wa tebur. Ina jin ƙus-ƙus a bayana, wasu na cewa wannan ganganci ne, wasu na cewa 'yan'uwansa ba su kyauta ba. In abin ya sake ɓaci a nan, na san Yaya ya shiga zaure ke nan har abada. Shi kuwa ya ari hular kwano wurin wani ɗan kabu-kabu mai haya da babur, ya tako da ɗingishinsa ta gaban kowa bai ɓoye ba, ya cire takalma ya miƙo mini ya ce in riƙe.

Aka ɗaga tuta. Samarin nan suka fizga da ƙara kamar za su tsaga ƙasa, suka bar Yaya a baya. Wani a gefena ya ce ai dama. Amma a kwanar farko, inda yashin gulbi ya yi laushi, sai na ga bambancin mai tuƙin ƙuruciya da wanda ya ci abinci da hanya. Su suna shiga kwana da gudu su taka birki, mota ta yi gefe tana haƙar yashi. Shi kuwa tun kafin ya iso ya sauke giya, ya shiga ta ciki a natse, ya fito da ƙarfi. Kowace kwana sai ya wuce ɗaya. Ba ya wani hayaniya, kamar dai yana kai fasinja kasuwar Shinkafi kuma ya ɗan makara. Filin da ke ƙus-ƙus ya fara kiran sunansa.

A zagayen ƙarshe saura mota ɗaya a gabansa, ta wani yaro mai zafin kai da ya iya tuƙi ba laifi. Suka nufo kwanar yashi tare. Yaron ya toshe ciki. Na ji injin Yaya ya sauka, ya sake sauka, canji biyu a jere cikin ƙiftawar ido, abin da sai da ƙafar hagu mai jin magana ake yinsa. Ya buɗe ta waje inda ƙasa ta fi tauri, ya fito suna kafaɗa da kafaɗa, sannan ya wuce. Ban san lokacin da na tsallake igiya ba. An ce an ga wani ƙato mai walda yana gudu a fili yana ɗaga takalman mutum sama yana kabbara. Ba zan musa ba, ni ne.

Kafin in isa 'yan tasha sun kewaye motar. Mai shayi ne ya fara rungume shi, yana cewa ya zo ya tunkuɗe teburin gobe ma in yana so. Shugaban tasha ya sunkuya ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallon daɓen, ya sa hannu ya shafa gurbin. Ya tambaya ko ana iya yin irinsa a bas. Na ce ana iyawa, muddin mai ƙafar zai zo a auna. Ya juya ga Yaya ya ce masa layinsa yana nan, ba wanda ya gaje shi.

A hanyar gida Yaya ya ce in zauna a gefensa a kan bututu, ya tuƙa mu a hankali. Bakina har kunne, ina ta zuba, ina ba shi labarin tseren kamar ba shi ya yi ba. Sai da muka kusa layinmu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Tun da abin ga yaf faru ba wanda yad dubi ƙahwag ga cikin gida. Na aza ƙyamarta kuka yi.”

Maganar nan ta dake ni fiye da yadda zan iya rubutawa. Mu muna can muna kau da kai don kada ya ji ciwo, shi kuma yana ganin kau da kan yana cewa ashe har 'yan'uwansa ba sa iya kallonsa. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu kuma da ita nake rainon nawa. Amma na gane akwai lokacin da mutum ba ya buƙatar a sunkuyar masa da kai, so yake a dube shi a tambaye shi ina ke ciwo. Tun daga nan in wani nawa ya shiga wani hali, ina zuwa in zauna in tambaya, ko da bakina zai yi nauyi, ko da sai na fara da labarin raƙumin maƙwabci.

Bas ɗin da aka ba shi ni na yi mata daɓe, kuma duk wadda ya canza tun daga lokacin sai ta kwana a shagona tukuna. Tsere kuwa bai sake shiga ba, ya ce ya faɗi abin da zai faɗa. Kwanakin baya na je tasha kai wa wani taga, na tarar motarsa ta cika, ya taho yana ɗingishi zai shiga. Wani baƙon matashi da ke kujerar gaba ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi na kusa da shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai wannan ne zai tuƙa su? Na ji raina ya ɓaci, na ajiye taga zan yi magana. Yaya ya riga ni. Ya ɗaga ƙafar ya ɗora a kan matakala, ya ɗan buge ta da tafin hannu yana murmushi.

“Awo ƙwarai, ni da ita za mu tuƙa ku. Gyara zamanka, samari, ta hi ka sanin hanyar Shinkahi.”

Motar ta kwashe da dariya, har da shi matashin. Na tsaya a wurin da tagar mutane a ƙasa, ina kallo har suka fita daga tasha suka hau titi.